Mai Ce Mini A'a

Ranar da muka rasa Kawu, tashar kamiyo ta Agadas, ta manyan motocin kaya, ta yi rabin yini ba a ɗora ko buhu ɗaya ba. Babu wanda ya ba da umarni. Direbobi ne da kansu suka kashe injuna, suka wanke baƙin man da ke hannuwansu, suka bi gawa a ƙasa. Da aka dawo daga maƙabarta, tabarmin ƙofar gida suka kasa, sai da aka shiga aro a maƙwabta. Mutanen Tabelot ba su sami jana'iza ba saboda nisan hanya. Washegari da hantsi suka iso a kan lodin albasa, warinta na bin rigunansu har cikin zaure.

Ina ciki wajen mata, kusa da matarsa da muke kira Inna, aka ce wani tsohon direba na son ganina. Na fito bakin zaure. Mutum ne da na sha ganin sun yi cacar baki da Kawu har sai an shiga tsakani. Ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Hajiya, ya haƙuri? Ni dai shaidata guda ce. Tun gemuna na baƙi nike hwaɗa da mutumin ga, bai taɓa tsallake ni ya ba wani lodina ba." Ya ja bakin rawani ya rufe fuska, ya tashi bai jira amsata ba.

Bayansa wani dattijo mai garka, wato lambun albasa, ya matso, ya ciro wata tsohuwar waya mai maɓallai daga jakar fatar da ke wuyansa. "Muryar da ke cikin wannan," in ji shi, "za ku hidda ta?" Muryar Kawu yake nufi. Duk saƙon da manhajarmu ke aika wa wanda bai iya karatu ba, Kawu ne ya ɗauke shi da bakinsa, da Hausa da Tamashek: kayanka sun sami mota, mota ta taso, mota ta isa lafiya. Na ce ba za mu cire ba. Ya mayar da wayar jaka, ya yi mini addu'a doguwa.

Ranar sadakar uku kuwa babban injiniyanmu ne ya tare ni a bakin ƙofa, yana murza hula a hannu. "Madam, Allah shi jiƙan tsoho. Na san ba lokacin maganar ba ne. Amma batun komawarmu Yamai, yanzu sa hannunki kaɗai ya isa." Na ji kamar in wanke shi da mari. Abin da ya riƙe hannuna shi ne, tun kafin a ɗauki gawa wannan tunanin ya riga ya gifta mini, na kore shi, ya dawo. Wata shida ni da Kawu muna ja a kan ɗauke kamfaninmu daga Agadas zuwa Yamai, ni ina so, shi ya ƙi. Ga shi ya tafi, babu sauran mai hana ni, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ɗan kamasho ne a tasha tun kafin a haife ni, wato mai haɗa mai kaya da mai mota. Bai yi lakkol ba, allo ya yi, kuma Faransancinsa na tasha ne, ya ishe shi gaisuwa da faɗa. Ni ce aka tura Yamai na karanto aikin ordinater, na dawo da na'ura a jaka da girman kai da ya fi na'urar nauyi. Na zauna a ɗakin baya na gidanmu na rubuta manhaja: mai garka a Tabelot ya sa yawan buhunan albasarsa a waya, direba a Agadas ya gani ya je ya ɗauka. Ban shawarci Kawu ba. A raina ma cewa nake, aikin irinsu ne na zo in rage.

Na tsara ta yadda duk direban da ya riga latsawa shi ke samun lodi. A ganina adalci ke nan. Abin da ban sani ba, alhali a garin aka haife ni, shi ne tasha tana da layi. Wanda ya fara shigowa shi ke fara fita. Ko masallaci ya tafi, ko zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu, layinsa na nan yana jiransa, ba mai taɓa masa. Cikin sati biyu masu manyan wayoyi da saurin yatsa suka riƙa kwashe lodi, dattawan da suka kwana uku a layi suna kallo. Sai direbobi suka haɗa baki, manya da ƙanana, suka ce ba motar da za ta sake hawa Tabelot. Albasar mutanen da suka yarda da ni ta zauna a bakin garka cikin rana har ta fara laushi tana ruwa.

Na je tasha in ba da haƙuri, na yi sallama sau uku, kowa ya yi kunnen uwar shegu da ni. Kawu ne ya yafito ni daga rumfarsa. Ya hura gawayi ya ɗora shayi. Na sha na fari ina huci, na sha na biyu ina hawaye. Sai a na uku ya jawo wani tsohon littafi mai baƙin bango, cike da sunayen direbobi da ajami, kowa a layinsa. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga nawa ordinater. Naki ya san abin da ke cikin wanga?"

Da la'asar ɗin ranar na ga abin da har gobe ba zan manta ba. Mutumin da ba ya sunkuyar wa kowa a tashar nan ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ɗiyata ce, laihinta nawa ne. Ku yi don Allah ku tahi ku kwaso kayan bayin Allah." Kafin magariba motoci sun kama hanya. Abin da ya lalace ya lalace, amma an ceci mafi yawa.

Bayan na gyara manhajar ta koyi layi, na je masa da abin da na ɗauka karramawa ce. Na ce ina so ya zama mai ba kamfani shawara. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mai ba da shawara? Wanda za ki saurara ki ce madalla, ki tahi ki yi abin da kike so? Ina da jikoki masu yi mini haka kullum. In kina son bakina, ki ba ni ikon hana ki. Ke ma in na kauce ki hana ni."

Haka aka rubuta a takarda: darakta biyu, ba babba ba ƙarami, ba abin da zai wuce sai da sa hannun kowa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke da yayana? Taurin kan gida guda ne fa. Kafin damina kun cinye juna." Abokan karatuna na Yamai suka ce na ɗaure kaina da igiya. Ba su yi ƙarya ba, na ɗaure, kuma sau da yawa na ciji yatsa.

Da muka kama biro, wato ofis, na saya masa tebur da kujera mai juyawa irin tawa. Ya zauna sau ɗaya, ya juya hagu ya juya dama, ya ce wannan ai ta masu jiri ce. Ya sa aka kafa masa rumfa a tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya jera wayoyinsa uku da kayan shayi. Daga nan yake mulkinsa. Masu rubuta manhaja kuwa bai taɓa kiransu da wani suna ba sai masaƙa. Da safe zai leƙa ɗakinsu ya ce, "Masaƙa, ina kwana? Zaren bai tsinke ba?" Ni kuma suna biyu gare ni a bakinsa. In na ji "ɗiyata" daga rumfa, na san ya yarda. In na ji "Darakta, zo mana," sai in ajiye abin da nake yi in ɗaura ɗamara.

Ma'aikata ba su daɗe ba suka gano cewa gida mai shugaba biyu yana da ƙofa biyu. Wanda na hana sai ya zagaya rumfa, wanda Kawu ya hana sai ya shigo mini da fuskar tausayi. Kawu ne ya kashe wannan ɗabi'a, kuma bai ɗaga murya ba. Duk wanda ya zo masa da magana, tambayar farko ita ce, "Ka hwaɗa mata?" In mutum ya fara in-ina, sai ya miƙe, ya kama hannunsa kamar za su masallaci, ya kawo shi gaban teburina. "To, maimaita. Kunnena ɗaya yana nan wajenta." Mutum uku aka yi wa haka, ba a sake ba.

Baƙi ma sun sha nasu. In manyan mutane suka zo daga Yamai, kai tsaye wajen mai farin gemu suke nufa, ni su ɗauke ni sakatariya. Kawu zai bar su su zuba Faransanci son ransu, yana gyaɗa kai kamar yana bi, sannan ya nuna ni da haɓa ya ce, "Madalla. Yanzu ku hwaɗa ma Darakta, ita ta san mi kunka ce." A tasha kuma, inda ba a saba mace ta zauna cikin taron maza ba, ba ya zama sai an kawo mini benci. Zai tsaya ƙiƙam yana jan carbi har wani ya ji kunya ya tashi. Ni ma ina rufa masa nasa asirin. Takarda in ta zo, a gaban mutane sai in ce bari in karanta da ƙarfi don kowa ya ji, alhali mutum guda nake karanta wa.

Kada a ɗauka shi kaɗai ke hanawa. Akwai wani direba, abokinsa tun na ƙuruciya, da ya yar da lodin mutane a Aderbissinat har sau uku ya bi wani kaya mai tsoka. Na ce a cire shi daga manhaja. Kawu ya ce a ƙara masa dama, yana da iyali. Na ce masu albasar ma suna da iyali, kuma ba zan sa hannu ba. Ya yi kwana biyu ba ya kallon inda nake. A na uku ya sa babbar riga, ya tafi gidan abokin da ƙafarsa ya faɗa masa, don ya ce irin wannan magana ba a aika ta ta waya. Da ya dawo ya tsaya a ƙofata ya ce, "Kin hana ni, na hanu. Amma yau ba ki da rabo a shayina."

Abin da ya riƙe mu shekarun nan duka wata al'ada ce da ya zo da ita daga sasancin tasha. In muka saɓa, ba wanda zai kare maganarsa. Zai ce, "Hwaɗi tawa." Dole in faɗi hujjarsa da bakina, in gyara ta, in ƙawata ta, har sai ya ce haka ne. Sannan shi ma ya faɗi tawa har in ce haka ne. In na yi ha'inci na rage mata ƙarfi, sai ya girgiza kai: "A'a, tawa ta hi haka kyau. Sake." Abin yana cin lokaci kamar me. Masaƙa su yi ta leƙe suna jiran hukunci, mu muna rumfa muna musayar baki. Amma sau nawa ina tsakiyar faɗin tasa na ji na gamsu da ita. Shi ma ya sha tsayawa a rabin tawa ya ce, "Kai, yarinyar ga tana da gaskiya," kamar ba ni ce zaune a gabansa ba.

Da wannan tafiyar hawainiya kamfani ya girma. Daga ni da shi sai ga ma'aikata sun cika gida guda. Masu dabbobi na Ingall suka shigo, 'yan kasuwar bakin hanya na Aderbissinat suka shigo. Ma'aikaciyar farko da Kawu ya ɗauka da kansa wata 'yar Tabelot ce, mai amsa kiran masu garka da Tamashek, wadda daga baya ta zama shugabar duk masu hulɗa da jama'a. Albasar mahaifinta na cikin wadda ta lalace a kuskurena na farko, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Mace ce mai kaifin baki, ba ta iya "to" ba. Kawu na sonta kamar me, ni kuwa ina ganin ƙimarta daga nesa.

Sai maganar Yamai ta taso. Wutar kuran na ɗaukewa ana tsakiyar aiki, rezon waya ya faɗi yini guda, masaƙa biyu mafi gwaninta suka tafi can suka bar mu. Masu son haɗa gwiwa da mu kullum tambayarsu yaushe za mu matso kusa. Na ce mu ɗauke uwar biro mu kai Yamai, mu bar reshe a nan. Kawu ya ce a'a. A cewarsa, masaƙin da ba ya jin ƙarar kamiyo daga tagarsa, wata rana zai saƙa wa mutane rigar da ba ta shiga wuyansu. Muka yi "hwaɗi tawa" ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ya faɗi tawa fiye da yadda ni zan faɗe ta, har da abin da ban yi tunani ba. Na faɗi tasa tsaf. Kowa ya ce haka ne, kuma ba wanda ya gusa. Karo na farko ke nan da dabararsa ta ƙi ci.

A zamanmu na ƙarshe a kan maganar, raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, kai dai tsoron Yamai kake. A can ba wanda ya san ka, ba wanda zai tashi ya ba ka wuri."

Ya daɗe yana juya ɗan kofin shayi a hannu. Sannan ya ce, a hankali, "Wannan ma cikin tawa take. Kin hwaɗe ta daidai."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban ba shi haƙuri a ranar ba, na ce sai na huce. Bai yi sati uku ba ciwo ya kwantar da shi. Na yi ta zarya gidan likita, na kai abinci, na riƙe masa hannu, mun yi hirar mahaifiyata da ta tasha, har dariya mun yi. Maganar Yamai kuwa ni ban ɗauko ba, shi bai ɗauko ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Kwana arba'in takardar komawa na cikin durowata. Ba abin da ya rage sai in sa hannu. Doka ta ba ni, injiniya na jira, kuma har cikin raina ina ganin ni ce da gaskiya. Amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in ji kamar zan shiga ɗakin mutum in ɗauki abu don na san ba ya nan.

Bayan sadakar arba'in na je wajen Inna. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, tana tsince shinkafa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito fili. Na ce ko Kawu ya bar mini wata magana game da aiki. Gaskiya abin da na je nema shi ne izini. Ina fata ta ce ya sauko, ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Inna ta ajiye faifai. "Ya bari. Ya ce lalle za ki zo ki tambaya, kuma ba za ki zo ba sai kin gama wahalar da kanki. Ya ce in ce miki ya yahe miki maganar rannan tun ba ki kai ƙohwa ba." Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta. "Ya ce kuma in ce miki bai canza ra'ayi ba."

Dariya ta kuɓuce mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanne nake yi. Inna ma ta sa gefen mayafi tana share ido tana dariya. "Haka ya bar ni ni ma," in ji ta. "Har ya tahi bai yarda gishirin miyata ya yi daidai ba."

A hanyar komawa na gane abin da ke ci na. Ni kaɗai ba na amince wa kaina, kuma ina da dalili, na taɓa ganin abin da nake aikatawa in ba mai taka mini birki. Kujerar Kawu ba za ta zauna babu kowa ba. Mafi sauƙi in ɗora injiniya, mu sa hannu tare a yini guda, mu yi ta ce wa juna madalla har Yamai. Washegari da safe na kira 'yar Tabelot. Ban tambaye ta ra'ayinta a kan komawa ba, da gangan. Na ce ina so ta zama darakta ta biyu, da iko daidai da nawa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Madam, kin san halina. In na hana ki hwa?"

Na ce sai in hanu.

Ranar da aka gama takardunta, na ciro ta Yamai na ajiye a gabanta. Ta karanta har ƙarshe, ba ta tsallake layi ba. Sannan ta turo mini ita.

"Ba ni sa hannu. Kuma ba don marigayi ba, kar ki ce na gaji maganarshi. Ke yaushe rabonki da Tabelot? Masu garka sun koma cire albasa kashi-kashi saboda ruwan rijiya ya ja baya, manhajarki har yau lodi guda ta sani. Kullum ni ke gyarawa da baki a waya. Kina nan kusa ma ba ki sani ba, ina ga kin tahi Yamai? Ki zo mu hau, ki kwana bakwai cikin garka. In mun sauko ki sake kawo takardar, in duba."

Jini ya hau mini kai. Kunnuwana suka yi zafi, na buɗe baki in ce mata ita wa, a kamfanin da na fara a ɗakin bayan gidanmu. Sai na ji abin da ke ƙirjina, na gane shi. Wannan ɓacin ran ne na yi kwana arba'in da ɗoriya ina nema ban samu ba. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ita kuwa ta zauna tana jira, ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma janye maganarta ba.

Jibi za mu hau Tabelot. Takardar ta koma durowa, kuma har yanzu ina ganin ni ce da gaskiya.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba. Ya Allah, duk abin da ya zo ƙofarka yana nema, kada ka ce masa a'a.